Yadda ake daskarar da haidirojel da haske: zaɓen fotoinishiyeta mai narkewa a ruwa, haɗa shi da auna hasken

Duk wanda ya taɓa zuba GelMA (jelatin da aka maƙala wa metakirilet) ko PEGDA (polimar PEG da aka maƙala wa akirilet) a mazubi dan ya yi haidirojel, wato jel mai riƙe da ruwa, ya kunna fitila ya jira, ya dawo ya tarar da abu yana nan ruwa tsululu, abun da ransa ke fara raya masa shine ya ƙara fotoinishiyeta, wato sinadarin da ke tayar da daskarewar in ya sha haske. To gaskiya yawanci ba nan matsalar take ba, kuma ƙarin ma sau da yawa ɓata aikin yake yi. Mafi yawan jel ɗin da ke ƙin kamawa, ko dai sinadarin baya shan kalar hasken da fitilar ke bayarwa, ko kuma ba'a taɓa auna ƙarfin hasken ba, ana dai cewa "minti biyar a ƙarƙashin UV" shikenan. Dan haka zan bi aikin daga fitila zuwa jel, a jeren da ya kamata a yi shi.

Abun da ke faruwa a ciki ba wani mai wahala bane. Fotoinishiyeta sinadari ne da idan ya sha haske sai ya haifar da radikal, wato gutsuren sinadari mai elektiron mara abokin zama da ke saurin kama wani, radikal ɗin ya afka wa mahaɗin kabon mai ninki biyu da ke jikin akirilet ko metakirilet, wannan ya kama na kusa da shi, na kusa ya kama na gaba, har sarƙoƙin polima su ɗaure juna su zama raga mai riƙe da ruwa. Matsalar itace yawancin waɗanda ake sawa a fenti da tawada da resin na firinta an yi su ne dan su narke a monoma (ƙananan guntayen da ke haɗuwa su zama polima) mai maiƙo, ka zuba su a ruwa sai dai su yi ta yawo a sama. Jel kuma kashi 85 ko 90 cikin 100 nasa ruwa ne, wani lokacin da ƙwayoyin halitta masu rai, wato sel, a ciki, shi yasa zaɓin ya taƙaita zuwa 'yan kaɗan.

Mataki na farko: san fitilarka kafin ka sayi komai

Ka duba tsawon zangon hasken da take fitarwa, a nanomita. Fitilun LED na wannan aiki galibi 365 ne, ko 385, ko 405, sai shuɗi wajen 450 da kore wajen 520, kuma LED siririn zango take bayarwa, in an ce 405 to kusan duk hasken yana nan kewayen 405. Fitilar makuri daban take, tana da layuka da yawa, 313 da 365 da 405 da 436, sai abun da filtar da aka sa mata ta bari ya wuce. Wannan bambancin shine yake ruɗa mutane, wani ya karanta an yi jel da fitilar makuri cikin minti biyu, shi ya gwada da LED mai 365 ya ga abu yana ja, alhali waccan tana haɗawa da guntun zango wanda sinadarin ya fi so.

Bayan zango sai ƙarfi. Ka samu na'urar auna haske wadda aka saita ta a zangon fitilarka, ka ɗora kanta daidai inda samfur zai zauna, ba a bakin fitila ba, kuma in zaka rufe da murfin faranti ko gilashi to ka auna ta cikinsa. Ka matsar da ita tsakiya da gefe, zaka sha mamakin yadda gefe ke faɗuwa. Lambar da zaka samu mW/cm² ce. Ka ninka ta da daƙiƙu ka samu jimlar hasken da samfur ya sha, misali 10 mW/cm² na daƙiƙa 60 ya zama 600 mJ/cm². Wannan lambar ita zaka riƙa rubutawa tare da zangon da ƙarfin da nisan. Wasu suna amfani da ƙaramar fitilar busar da janfarce saboda tana da 365 da 405, tana yin jel kam, amma haskenta ba ɗaya bane ko'ina a ciki, in baka auna ba kar ka gina wani sakamako a kanta.

Mataki na biyu: zaɓen sinadarin

Kashi biyu ne. Nau'i na ɗaya haske na taɓa shi yake tsagewa biyu ya ba da radikal da kansa, baya buƙatar kowa. Nau'i na biyu shi yana shan hasken ne kawai, sai ya karɓi ko ya miƙa elektiron ga wani abokin aiki, a can radikal ɗin ke fitowa. Na ɗayan ya fi sauƙin sarrafawa, na biyun kuma shi yake kai ka ga haske shuɗi da kore.

Irgacure 2959 shine tsohon hannu. Kamfanin Ciba ne ya fara sayar da shi, daga baya ya koma hannun BASF, yanzu zaka gan shi da sunan Omnirad 2959 a wajen IGM Resins, abu ɗaya ne. An yi ta amfani da shi shekara da shekaru saboda ƙwayoyin halitta da yawa suna jure shi, amma yana da lahani biyu manya. Inda ya fi shan haske wajen 280 ne, wanda ba zaka haska wa sel ba saboda yana lalata DNA, a 365 kuma ƙarfin shansa bai wuce kusan 4 M⁻¹cm⁻¹ ba, wato jelar jela kawai ake amfani da ita, a 405 kuwa babu komai. Na biyu baya son ruwa sosai, kafin ka kai 0.5% zuwa 1% sai ka ɗumama kana kaɗawa, in ya huce kuma yana iya dawowa ƙanana ƙanana a ƙasan bututu. In fitilarka 405 ce ka manta da shi gaba ɗaya, ko nawa ka zuba ba zai yi ba.

LAP shine wanda zan ce ka fara da shi in ba wani dalili. Gishirin lithiyam ne na dangin asilfosfinet, Majima da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a 1991, amma sai a 2009 da rukunin Kristi Anseth da Christopher Bowman na jami'ar Kolorado a Amurka suka gwada shi wajen rufe sel a jel ɗin PEG ya shiga hannun kowa. A 365 yana shan haske kusan 218 M⁻¹cm⁻¹, ka kwatanta da 4 ɗin can, ya ninka fiye da sau 50. A 405 yana da kusan 25, kaɗan ne amma ya isa. Yana narkewa a ruwa har wajen 8.5%, kai kuma abun da kake buƙata bai kai 1% ba. Sannan yana da wata ɗabi'a mai daɗi, in ya tsage gutsattsarin basa shan hasken kamar shi, dan haka yana ƙonewa daga sama hanya na buɗewa haske na ƙara nutsawa ƙasa. Ɗan'uwansa TPO da ake sawa a resin baya narkewa a ruwa, kuma Tarayyar Turai ta hana shi a kayan kwalliya tun 1 ga Satumba 2025, kar wani ya ce maka ai duk ɗaya ne ka musanya.

VA-086 na dangin azo ne, yana shan haske wajen 375, sel suna jure shi sosai, amma rago ne sai ka sa wajen 1% ko sama, kuma duk tsagewa ɗaya yana sakin iskar naitirojin, sai kaga jel ya cika da kumfa ya yi fari. In ramuka kake so a jel to ya yi, in jel garau kake so ka bar shi.

Eosin Y na nau'i na biyu ne, kore yake sha wajen 515 zuwa 520. Shi kaɗai ba ya komai, sai da tarayetanolamin a matsayin abokin aiki, kuma galibi ana ƙara ƙaramin monoma irin su binilkafrolaktam ko NVP dan saurin kamawa. Abu uku kenan zaka daidaita maimakon ɗaya, ga shi amin ɗin yana ɗaga pH dole ka dawo da shi wajen 7.4 kafin sel su shiga, jel ɗin kuma zai fito da ɗan ja-ja mai ƙyalli wanda zai iya shiga hoton ka na madubin fulorasens. Ribofilabin, wato bitamin B2, shima haka, yana sha wajen 370 da 445, ba guba, amma a hankali yake aiki. Shi ne likitocin ido suke ɗigawa wajen ƙarfafa fatar gaban ido, 0.1% da haske 370 a 3 mW/cm² na minti 30 a tsarin jinyar da ake kira Dresden, kaga irin lokacin da yake ci.

Sai Ru da SPS, wato ruteniyam mai bifiridin uku da sodiyam fasalfet. Wannan shuɗin haske yake sha wajen 450 kuma da ƙarfi sosai, sama da 14,000 M⁻¹cm⁻¹, shi yasa ɗan ƙanƙani ake sawa, daga 0.2 mM Ru da 2 mM SPS zuwa 1 da 10, galibi ɗaya bisa goma. Abun da ya bambanta shi shine yana iya ɗaure tayirosin da tayirosin (wani amino asid ne da ke jikin furotin), dan haka jelatin ko furotin ɗin siliki da ba'a maƙala musu metakirilet ba ma yana daskarar da su. Kalarsa ruwan goro ce kuma hasken ɗaki kawai ya isa ya tayar da shi.

A taƙaice dai fitila ce ke zaɓa maka. 365 ko 385 ko 405, LAP. Shuɗi 450, Ru da SPS. Kore, Eosin. Irgacure 2959 sai in kana maimaita wani tsohon aiki ne da dole sai da shi.

Mataki na uku: lissafi, kuma a nan ne zan daɗe

Mu ɗauka LAP ne. Nauyin mol ɗinsa 294, dan haka 0.1% wato 1 mg a 1 mL ya zama kusan 3.4 mM, 0.5% kuma kusan 17 mM. Yanzu ka ninka ƙarfin sha da yawan sinadari da kaurin jel a santimita, dokar Beer-Lambert kenan, ka samu yadda haske zai ragu kafin ya kai ƙasa.

A 365 da 0.1% da jel mai kaurin 1 cm: 218 sau 0.0034 sau 1, kusan 0.74 kenan, hasken da ke wucewa kuma 10 ne a ɗaga zuwa −0.74, ma'ana kusan kashi 18 cikin 100 na hasken ne zai isa ƙasa a farkon haskawa. Ka ɗaga zuwa 0.5% lambar ta koma 3.7, abun da zai isa ƙasa bai kai kashi 1 cikin 1000 ba. Kaga abun da nake nufi da ƙari na ɓata aiki, na saman ya shanye hasken duka, kamar mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya tare wa na cikin ɗaki haske, sai ka samu jel mai tauri a sama ƙasa kuma lagwab, ka ɗaga shi da sifatula ya bar rabinsa a mazubi. Amma 0.5% ɗin nan dai a jel mai kaurin 1 mm lambar 0.37 ce kawai, kusan kashi 43 na wucewa, ba laifi. Kuma 0.5% ɗin a 405 da kaurin 1 cm wajen 0.43 ne. Wato raunin shan da LAP yake da shi a 405 alheri ne ga jel mai kauri, hasken yana ratsawa daidai daga sama har ƙasa, sai dai ka ƙara lokaci. Ni dai ina son lambar nan ta tsaya ƙasa da 0.5 a kaurin da zan yi, in ta wuce ko in rage sinadari, ko in koma 405, ko in haska ta sama in juya in haska ta ƙasa.

Wani abun kuma da ba'a cika faɗa ba, a irin wannan polimaraizeshin ɗin na sarƙa saurin kamawa baya bin ƙarfin haske kai tsaye, tushen murabba'insa yake bi, ka ninka hasken sau huɗu saurin ya ninka sau biyu kawai, saboda radikal in sun yi yawa kashe juna suke yi. Haka ma ƙarin sinadari. Shi yasa 600 mJ/cm² da aka bayar da haske mai ƙarfi cikin ɗan lokaci ba lallai ya ba ka jel ɗaya da 600 ɗin da aka bayar a hankali ba, dole ka rubuta ƙarfi da lokaci duka biyun.

Wurin farawa mai kyau: LAP 0.05% zuwa 0.1% in da sel a ciki a 365, 0.1% zuwa 0.25% a 405, har 0.5% in babu sel kuma siriri ne.

Mataki na huɗu: haɗa ruwan ajiya

Kar ka riƙa auna 2 mg ko 3 mg a sikeli duk lokacin da zaka yi jel, kuskuren sikelin ma ya kai kaso mai yawa na abun da kake aunawa. Ka haɗa mai kauri ka riƙa ɗiba da fifet. Auna LAP 100 mg, zuba a bututu mai duhu ko wanda ka naɗe da takardar alminiyam, ƙara PBS (ruwan gishiri mai fosfet da ke riƙe pH) har ya kai 5 mL, ya zama 2% kenan, 20 mg a kowane mL. Girgiza, in ya ƙi ka sa shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 50 na 'yan mintuna, zai narke garau. In aikin sel ne ka tace da filtar sirinji 0.22 µm, kar ka sa shi a otokilab, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Raba shi ƙananan bututu, rubuta kwanan wata, sa a firji. Ba na son ajiye shi ya daɗe, sati ɗaya ko biyu in haɗa sabo, garin ne yake daɗewa in yana rufe a bushe cikin duhu, kuma in ka fito da kwalbar daga sanyi ka bari ta ɗumama kafin ka buɗe dan kar raɓa ta shiga.

A ina kake aikin ma yana da muhimmanci. Fararen fitilun ɗaki da hasken taga suna da shuɗi da shunayya a ciki, suna cin LAP a hankali ba ka sani ba, Ru da Eosin kuwa nan da nan. Kashe fitilar cikin hud (akwatin aikin sel mai tsabtatacciyar iska), rage ta ɗaki, ko ka sa mai launin rawaya. Ru da SPS kowanne da bututunsa, sai daf da zubawa zaka haɗa su, SPS a ƙarshe, kuma shi SPS ɗin sabo zaka narka ranar aiki.

Safar hannu ta naitiril, tabarau mai tare zangon fitilarka, kuma fitilar ta kasance a cikin akwati. Akirilet da bai kama ba yana sa fata ta zama mai ƙin sa, in ta kamu kuma ta kamu kenan, dan haka PEGDA ya zuba a safa ka canza ta nan take.

Mataki na biyar: haɗa polima

Misali kana son 2 mL na GelMA 10% da LAP 0.25%. Ka fara yin GelMA 20% a PBS, ka ɗumama a digiri 40 zuwa 50 har babu ko guda ɗaya, yana ɗaukar lokaci kar ka yi gaggawa, kuma kar ka girgiza da ƙarfi saboda kumfa yake yi kamar me, in ta taso sai ka juya shi a santirifiyuj na minti ɗaya ko biyu yana da ɗumi. Ɗebi 1 mL nasa, ƙara 0.25 mL na LAP 2% ɗin nan, cika da PBS 0.75 mL mai ɗumi. Duba lissafin: 5 mg a 2 mL, 0.25% daidai. GelMA mai kauri yana maƙalewa a bakin fifet, ka ɗumama bakunan ko ka yanke tsinin ko ka ja a hankali, in ba haka ba 1 mL ɗinka zai zama 0.9.

PEGDA ya fi sauƙi, mai nauyin mol 700 ruwa ne, masu nauyi 3400 zuwa sama gari ne, duka suna narkewa a PBS ba sai da zafi ba. Sai dai ka sani ana zuba masa MEHQ dan kar ya kama a kwalba, wannan yana cinye radikal ɗin farko, yana jawo ɗan jinkiri.

In sel zaka sa, ka bari ruwan ya sauko digiri 37 tukun, sel su shiga a ƙarshe, ka haska ba tare da ɓata lokaci ba. Kuma ka guji ruwan renon sel mai jan fenol a wannan matakin, launin yana gasa da sinadarinka wajen shan haske musamman a 405 zuwa 450, wasu abubuwan cikinsa kuma suna kama radikal. PBS ko ruwan reno mara launi.

Mataki na shida: oksijin

Oksijin na kama radikal da sauri fiye da yadda monoma ke kamawa, ya mayar da shi wani rago da baya ci gaba da sarƙa. Dan haka a farkon haskawa ba abun da ke faruwa sai an cinye oksijin ɗin da ke narke a ruwan, sannan jel ya fara. A can ciki wannan yana ƙarewa, amma a fuskar da ke kallon iska sabo yana ta shigowa, shine kake taɓa saman jel ka ji danƙo ko santsi. Maganin mafi sauƙi ka rufe fuskar: gilashi biyu da ɗan abun tazara na 0.5 mm ko 1 mm a tsakani, ka shafa wa gilashin abun hana mannewa irin su Sigmacote, ka cika ba kumfa. Wannan yana ba ka kauri iri ɗaya ma a kyauta. Mazubin PDMS (robar silikon) kuwa oksijin ratsa shi yake yi, zai bar siririn ruwa da bai kama ba a jikin bango, wani lokacin ana so dan jel ya fita da sauƙi, amma in ƙananan siffofi kake yi zai cinye maka gefuna. In babu sel kana iya busa naitirojin a ruwan kafin ka zuba. In kuma oksijin ya ishe ka gaba ɗaya ka koma tsarin tayol da nobonin, wata hanyar ɗaure polima da haske maimakon akirilet, shi wannan bai damu da shi sosai ba, kuma LAP ɗan kaɗan ya ishe shi.

Mataki na bakwai: haskawa da neman lokacin da ya dace

Kar ka kwafi lokacin wani. Ka zuba 'yan faya-fayai iri ɗaya, misali faɗin 8 mm kaurin 1 mm, ka haska su a ƙarfi ɗaya amma lokaci daban daban, daƙiƙa 10, 20, 40, 80, 160, kowanne guda uku. Ka kunna fitilar ta ɗan zauna kafin ka fara, musamman ta makuri da take buƙatar ɗumama.

Ga tarkon da GelMA ke ɗana wa sabbin shiga. Jelatin ne, in ya huce ƙasa da wajen digiri 30 daskarewa yake yi da kansa ko ba haske, sai ka ɗaga shi ka ga jel tsaf ka yi murna. Ka jefa shi a PBS mai digiri 37 ka dawo bayan awa ɗaya, in haske ne ya ɗaure shi zaka same shi, in sanyi ne zaka tarar da ruwa kawai. Kullum ka ajiye guda ɗaya da ba'a haska ba a gefe ka gani ya narke. Sannan zafin da yake da shi lokacin haskawa yana canza sakamako, wanda aka bari ya daskare a sanyi kafin a haska yana fitowa da tauri fiye da wanda aka haska yana ruwa da ɗumi, dan haka ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Dan sanin ko ya kama sosai sai ka auna abun da ya zube. Ka busar da wasu faya-fayan nan take da injin busarwa na daskarewa ka auna nauyi, wasu kuma ka jiƙa su kwana ɗaya ko biyu kana canza ruwa sannan ka busar ka auna. Bambancin shine polimar da bata shiga raga ba. Ka tuna gishirin PBS yana ƙara wa busasshen farko nauyi, ko ka cire shi a lissafi ko ka yi wannan gwajin da tsabtataccen ruwa. Ka auna nauyin jiƙaƙƙen ma ka raba da busasshen ka samu yawan kumbura. Zaka ga lokacin haskawa na ƙaruwa zubewa na raguwa, kumbura na raguwa, har a kai inda ƙari baya canza komai. Farkon wannan wurin shine lokacinka. Wanda yake da na'urar riyomita (mai auna taurin jel) mai fitila a ƙasa zai ga wannan duka a gwaji ɗaya, har da jinkirin oksijin ɗin.

Ga masu sel, abun da ke kashe su yawanci ba sinadarin a zaune bane kuma ba hasken shi kaɗai ba, radikal ɗin ne da ke fitowa idan an haɗa biyun, musamman waɗanda suka yi saura bayan metakirilet ya ƙare. Shi yasa wuce lokaci ke da illa. Ka yi gwaji huɗu: sel kawai, sel da haske, sel da sinadari a duhu, sannan duka. Bayan haskawa ka wanke jel da ruwan reno mai ɗumi, ka sake canzawa bayan awa ɗaya ko biyu, sannan ka duba rayayyu da matattu da rinin kalsin da etidiyam washegari da kuma bayan 'yan kwanaki, dan ranar farko kaɗai bata nuna komai.

In firintar DLP zaka sa shi

Firintar DLP tana gina abu ne falle bisa falle ta hanyar haska hoton kowane falle a kan ruwan. A nan matsalar juyewa take yi, yanzu baka son haske ya nutsa. LAP a 405 yana barin haske ya wuce sosai, sai ya daskarar da ruwan da ke cikin hanyoyin da kake son su zauna a buɗe. Sai an ƙara abun da zai sha hasken ba tare da ya haifar da radikal ba, kuma wanda ya shahara shine tatirazin, rini ne rawaya mai narkewa a ruwa, wanda rukunin Jordan Miller na jami'ar Rice da Kelly Stevens suka yi amfani da shi a 2019 suka buga jel masu hanyoyi kamar jijiyoyin jini. Yana wankewa ya fita in an jiƙa jel ɗin.

Yawan da zaka sa kuma gwaji ne zai faɗa. Ka zuba ruwan da kauri a kan gilashi, ka haska 'yan murabba'ai kowanne da lokacinsa, ka wanke, ka auna kaurin kowanne. Ka zana kaurin a kan logaritim na jimlar hasken, zai ba ka miƙaƙƙen layi, gangarensa shine zurfin ratsawa, inda ya taɓa sifili kuma shine mafi ƙarancin hasken da ke fara jel. Ƙarin tatirazin yana kwantar da layin. Ka zaɓi lokacin da kaurin da ya kama ya ɗan ɗara kaurin falle ɗaya dan falle ya manne da na bayansa, in fallen 50 µm ne kuma kaurin da kake samu 300 ne to rinin bai isa ba, in kuma fallayen suna ɓarewa daga juna ko abun ya ƙi mannewa a farantin gini, ko rinin ya yi yawa ko lokacin ya yi kaɗan, ka fara ƙara lokacin fallayen farko kafin ka taɓa haɗin. Duk sanda ka canza kwalbar GelMA ka sake zana layin nan, saboda yawan metakirilet ɗin da ke jikinsa yana bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan.